Me Ya Sa Yara Ke Zuwa Makaranta Ba Su Koyo? Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Bincike Ya Gano

Duk inda iyaye da malamai suka haɗu, a taron makaranta ne ko a majalisa bayan la'asar, zancen lalacewar ilimi ba ya wuya ya taso, kuma kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Akwai masana da suka shafe shekaru suna shiga azuzuwa, suna gwada yara, suna kwatanta dabaru, a nan gida da ƙasashen waje. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da binciken nasu ya nuna.

Wai ta yaya ake sanin cewa wata dabarar koyarwa tana aiki?

Hanya mafi ƙarfi ita ce ta ƙuri'a. A ɗauki makarantu, a ce guda 100, masu kama da juna. A jefa ƙuri'a, 50 su sami sabuwar dabarar, 50 su ci gaba yadda suke. A gwada yaran duka kafin a fara, a sake gwada su bayan shekara ɗaya ko biyu. Tunda ƙuri'a ce ta raba su, ba son ran wani jami'i ba, bambancin da ya bayyana daga dabarar ya fito. Irin wannan aiki ne ya sa Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, kuma da yawa daga cikin gwaje-gwajensu a makarantun firamare na Kenya da Indiya suka yi su.

Sai dai abin da ya yi aiki a Kenya ba dole ne ya yi a Gumel ko Tessawa ba. Bincike yana nuna inda ya kamata a fara dubawa, sannan a sake gwadawa a gida.

Ɗana yana zuwa makaranta kullum, littafinsa cike da rubutu. Me ya sa ake cewa yara ba su koyo?

Domin kwafar abin da ke kan allo daban, iya karanta shi daban. Tun daga UPE na 1976, shirin ilimin firamare ga kowa, zuwa magajinsa UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, abin da hukumomi suka fi ƙirgawa shi ne yawan yaran da ke cikin rajista, da azuzuwan da aka gina. An daɗe kafin a fara tambayar ko yaran sun iya karatu.

Akwai wani gwaji da aka ƙirƙiro a 2006 mai suna EGRA, wanda aka yi amfani da shi da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato. Yadda ake yinsa ba wuya. Mai gwaji zai zauna da yaro shi kaɗai, ya miƙa masa takarda mai ɗan gajeren labari, ya ce, "Sa yatsanka a kalmar farko, ka karanta mini." Sai ya danna agogo, minti ɗaya. Yaron da ya iya zai kama hanya. Wanda bai iya ba zai ɗora yatsa a kan kalmar, ya dubi takarda, ya dubi mai gwaji, ya yi shiru. Idan ya kasa ko kalma ɗaya a layin farko, sai a tsayar, a gode masa, a rubuta sifili. A gwaje-gwajen farko da aka yi a waɗannan jihohi, mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa sifilin suka ci, da harshen da suke magana da shi a gida.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba su iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, kuma a Afirka kudu da Sahara abin ya doshi kashi 90. Abin da ya fi ɓata rai shi ne yawancin waɗannan yara suna cikin aji, da kayan makaranta a jikinsu, iyayensu na ganin komai na tafiya daidai.

Da wane harshe ya kamata a fara koyar da yaro, Hausa ko Turanci?

Wannan tambaya ita ta fi tayar da jijiyar wuya, alhali tana cikin waɗanda aka fi bincika. Amsar da ke maimaita kanta ita ce: yaro ya fi saurin iya karatu da harshen da yake ji, kuma wannan iyawar tana bin sa zuwa harshe na biyu.

Gwajin da ya fi shahara a nan Najeriya aka yi shi. Daga 1970, Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, lissafi da kimiyya da komai, Turanci kuma ya zama darasi guda mai zaman kansa. Aka kwatanta su da yaran da aka mayar kan Turanci daga aji huɗu. Yaran Yarabancin sun yi fice a darussansu, kuma ba a bar su a baya a Turancin ba. Masu suka sun ce ai an ba waɗannan yara sababbin littattafai da ƙwararrun malaman Turanci, don haka ba harshe kaɗai ya yi aikin ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma darasi ce a kanta: harshen gida ba ya wadatarwa idan babu littafi da malamin da aka horar.

Daga baya an sami ƙarin hujjoji. A Afirka ta Kudu, Stephen Taylor da Marisa von Fintel sun bi bayanan dubban makarantu, suka gano cewa yaran da aka koyar da harshen gida a aji ɗaya zuwa uku sun fi iya Turanci a aji huɗu zuwa shida. A Habasha, inda tsarin 1994 ya ba da damar koyarwa da harsunan gida har shekara takwas, yankunan da suka fi daɗewa a kan harshen gida sun fi samun sakamako mai kyau. Burundi, duk da talaucinta, ta yi zarra a ƙananan azuzuwa a gwajin PASEC na 2014 da aka yi wa ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma da Kirundi take fara koyar da yaranta. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, sakamakon irin waɗannan makarantu ya yi kyau, amma suka shafe shekaru da dama ana kiransu na gwaji ba a faɗaɗa su yadda ya kamata ba.

A takarda, Najeriya ta amince da haka tun manufar ilimi ta 1977, wadda ta ce a koyar da shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da al'ummar wurin ke yi. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙara shi zuwa shekara shida. A Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye wannan tsari, aka koma Turanci, bisa hujjar faɗuwa jarrabawa. A ganina hujjar ba ta zauna ba. Ɗaliban da suka rubuta WAEC a 2025 sun bar firamare tun kafin a zartar da tsarin 2022, kuma tsarin kansa bai sami littattafai da horon malaman da zai tsaya da ƙafarsa ba. Abin da ke faruwa a yawancin azuzuwanmu ba koyarwa da Hausa ba ne, ba kuma da Turanci ba. Malam yana rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, ya ba da jarrabawa da Turanci, yaro ya tashi bai mallaki karatun ko ɗaya ba.

To ai WAEC da JAMB da Turanci ake yi. Ba za a cuci yaro ba?

Tsoron iyaye a nan halal ne, kuma babu mai bincike na kirki da ke cewa a yar da Turanci. Abin da ake cewa shi ne a fara shi tun aji ɗaya a matsayin darasi, da baki tukuna, gaisuwa da waƙa da sunayen abubuwa, yayin da yaro ke koyon karatu da lissafi da harshensa. Jim Cummins, masani a Kanada, ya nuna cewa yaro kan iya hirar yau da kullum da sabon harshe cikin kamar shekara biyu, amma harshen da ake fahimtar darasi da shi yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Wannan ma a ƙasar da yaro ke jin Turanci a titi da talabijin ke nan. Yaron ƙauyen da ba ya jin Turanci sai a bakin malami fa?

Akwai inda maganar ke da sarƙaƙiya. A garuruwa irin Jos, ko sassan Adamawa da Taraba da kudancin Kaduna, aji ɗaya kan tara yara masu harsuna biyar ko fiye. A can ba daidai ba ne a ɗora Hausa a kan kowa don kawai ita ce ta kasuwa. Sai an zauna da iyaye, an duba wane harshe yaran suka fi ji da gaske.

Wace hanya ce ta fi wajen koya wa yaro karatu?

A koya masa sautin kowane harafi, sannan yadda ake haɗa su. Kwamitin da Amurka ta kafa kan karatu ya kai ga wannan matsaya a 2000, rahoton Rose na Ingila ya tabbatar da ita a 2006. Mu kuma mun yi sa'a, domin rubutun Hausa ya fi na Turanci bin ƙa'ida nesa ba kusa ba. Baƙi da wasali suka haɗu, gaɓa ta fito. Yaron da ya san sautin "k" da "a" zai haɗa "ka", ya ninka ya sami "kaka". A ƙara masa "r" da "g" da "o", sai ga "rago" da "kora" da "goro". Cikin 'yan makonni yana karanta kalmomin da bai taɓa gani a allo ba. Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, a kan wannan tushe aka gina su.

Abin da ba ya aiki shi ne wanda muka fi sabawa da shi: malam ya nuna jimla da sanda, ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi, sau goma. Daga waje sai ka ji kamar karatu ya kankama. Ka rufe rabin jimlar ka nuna kalma ɗaya, sai a yi tsit.

Haɗa sauti mafari ne kawai. Bayansa yaro na buƙatar labarai da yawa da zai karanta har bakinsa ya saki, da wanda zai tambaye shi, "To, me ya sa akuyar ta gudu?"

Ajina yara sun haura 100. Akwai abin da zan iya yi kuwa, ko sai an rage su?

Malam, manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, don haka kukanka yana kan hanya. Gwajin da aka yi a jihar Tennessee ta Amurka daga 1985 zuwa 1989 ya nuna cewa yaran da ke aji mai mutum 13 zuwa 17 sun fi na aji mai 22 zuwa 25, musamman 'ya'yan talakawa. Amma a yammacin Kenya, da aka rage aji daga kimanin 80 zuwa 40 da 'yan kai ba tare da an sauya salon koyarwa ba, sakamakon yaran da ke hannun malaman gwamnati bai motsa sosai ba. Malamin da ke karanta manhaja ga yara 80 haka zai karanta ta ga 40.

Babbar matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin yaran. A aji huɗu guda akwai mai karanta labari, akwai mai haɗa gaɓa da ƙyar, akwai wanda bai san harafi ba. Manhaja kuma tana gaba abinta, malam na bin ta don kada mai duba makarantu ya same shi a baya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da wata dabara da ake kira TaRL, wato koyar da yaro daidai matakinsa. Ana gwada kowane yaro na 'yan mintuna, a san ko yana matakin harafi ne, ko kalma, ko sakin layi, ko labari. Sai a ware awa ɗaya ko biyu a rana, a manta da aji, a raba yaran bisa matakinsu. Mai shekara 11 da bai san harafi ba ya zauna da masu koyon harafi, ba tare da gori ba, da ya iya a matsar da shi gaba. An gwada wannan da ƙuri'a sau da dama a Indiya, aka ga yara suna tashi daga rashin sanin harafi zuwa karanta sakin layi cikin 'yan watanni. Zambiya ta ɗauka, an kuma yi shi a Borno, da Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa.

Ko babu wani shiri da ya zo makarantarku, kai da hedimasta da malaman aji uku zuwa shida za ku iya yin wannan rabon da kanku.

Ba malaman ne ba su cancanta ba? Ai mun ga abin da ya faru a Kaduna.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai maki 75 cikin 100 da aka gindaya, aka sallame su. An yi ta jayayya kan yadda aka shirya jarrabawar, amma babu mai musun cewa akwai malaman da ba su mallaki abin da suke koyarwa ba. Binciken Bankin Duniya a ƙasashen Afirka bakwai, har da Najeriya, ya gano haka, ya kuma gano cewa koyarwar da yaro ke samu a rana ba ta kai awa uku ba, kusan rabin abin da ke jadawali, saboda malami bai zo ba, ko ya zo bai shiga aji ba.

Tambayar da nake so a riƙa haɗawa da wannan ita ce: wa ya koyar da malamin? Shi ma daga irin wannan firamare ya fito. Ya shiga kwalejin ilimi, sau da yawa don bai sami gurbin jami'a ba, ya zauna a zauren lacca da ɗaruruwan ɗalibai, ya haddace tarihin falsafar ilimi, ya karɓi takardar NCE ba tare da an taɓa nuna masa yadda ake koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali ba. Tsofaffin malamai da suka fito daga kwalejojin horon malamai na da, masu takardar Grade II, har yau suna cewa su an koya musu aikin aji da hannu. Sannan akwai ɗaukar aiki ta hanyar alfarma, wanda ba malami ne ya ƙirƙiro shi ba.

Korar wanda ba zai gyaru ba tana da wurinta. Amma wanda za a ɗauka a madadinsa daga rijiya ɗaya aka ɗebo su.

Wane irin horo ne ke gyara malami?

Ba bitar kwana uku a otal ba, wadda ake raba jaka da kuɗin mota a watse. Abin da ya nuna tasiri shi ne haɗin abubuwa uku: jagoran malami mai darasin kowace rana a tsare, littafi a hannun kowane yaro wanda ya dace da jagoran, da mai ba da shawara da ke zuwa aji a kai a kai. Kenya ta yi haka a shirin Tusome daga 2015 a dukkan makarantun firamare na gwamnati, karatun yara ya ɗaga a fili. A lardin Arewa maso Yamma na Afirka ta Kudu an kwatanta hanyoyi biyu da harshen Setswana: tara malamai a ba su horo a zaure, da kuma aika musu mai ba da shawara har aji. Tasirin na biyun ya kusan ninka na farko.

Mai ba da shawarar nan ba mai farautar laifi ba ne. Zama yake a bayan aji, in an tashi ya ce, "Malama, kin lura duk tambayoyinki layin gaba suka tafi? Gobe mu gwada na baya." Abu ɗaya a kowace ziyara. Wata ƙaramar dabara da Mary Budd Rowe ta gano a farkon shekarun 1970 ta isa misali: malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba suka fara ɗaga hannu. Ba ta cin ko kwabo.

Idan aka ƙara albashi, karatu zai gyaru?

Indonesiya ta ninka albashin malaman da suka sami shaidar ƙwarewa bayan dokar 2005. Da aka bincika, malaman sun fi jin daɗin aikinsu, sun rage neman aiki na biyu, amma sakamakon yara bai sauya ba bayan shekara biyu zuwa uku. Kada wani gwamna ya riƙe wannan hujja. Can ƙari aka yi a kan albashin da ake biya. Malamin da ke bin bashin wata uku, wanda dole ya hau babur ya yi acaɓa kafin a ci abinci a gidansa, maganarsa daban ce. Biyan haƙƙi a kan lokaci wajibi ne ko da bai ƙara maki ɗaya ba, kuma albashi mai kyau ne zai jawo masu ƙoƙari su zaɓi aikin nan gaba. Abin da binciken ya nuna kawai shi ne kuɗi ba ya koya wa malami dabarar da bai sani ba.

Littattafai da kwamfutoci fa?

A ƙarshen shekarun 1990 an raba littattafai a makarantun karkara na yammacin Kenya, aka ga yaran da dama can suke kan gaba su kaɗai suka amfana. Littattafan da Turanci suke, harshe na uku ga yawancin yaran, sun fi ƙarfinsu. A Peru an raba wa yara kwamfutoci a ɗaruruwan makarantun karkara, bayan fiye da shekara ba a ga ci gaba a lissafi ko karatu ba. Kaya suna amfani idan sun yi daidai da matakin yaro kuma malami ya san yadda zai sa su cikin darasi. Ɗan littafin labari na Hausa mai shafi 16 da yaro zai tafi da shi gida ya fi ɗakin kwamfuta da ke kulle saboda babu wuta.

Hadda tana da amfani, ko ita ce ke kashe tunanin yara?

An yi wa hadda kuɗin goro. Haddace jimlar da ba a san ma'anarta ba don a juye ta a jarrabawa ɓata lokaci ne. Amma akwai abubuwan da dole su zauna a ka, kamar sautin haruffa da jadawalin sau, domin ƙwaƙwalwa ta sami sararin yin tunani a kan abin da ya fi su wuya.

Kan yadda ake sa abu ya zauna kuwa, bincike ya tabbatar da abubuwa biyu. Na farko, tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi maimaitawa a zama ɗaya. Na biyu, a 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta sake karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su tuno. Bayan minti biyar masu sake karantawa ne a gaba. Bayan mako guda masu tunowa sun wuce su.

Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san wannan. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo darasinsa da ka a gaban malam, kuma ba a barin na baya, ana komawa tilawa dare da asuba. Makarantar boko tana iya aron wannan tsari: minti biyar na farkon darasi, a rufe littafi, a tambayi abin da aka yi jiya da na makon jiya.

Mu da bulala aka koyar da mu, kuma mun iya. Me ya sa yanzu ake hanawa?

Waɗanda suka iya su ne ke ba da labari. Waɗanda bulala ta kora daga makaranta ba a jin ta bakinsu a taron iyaye. Nazarce-nazarce masu yawa da aka tattara ba su sami shaidar cewa duka na inganta karatu ko ɗabi'a a tsawon lokaci ba. Victoria Talwar da Kang Lee sun kwatanta makarantu biyu a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka bar kowane yaro shi kaɗai da abin wasa a bayansa, aka ce kada ya waiwaya. Yawancinsu sun waiwaya a makarantun biyu. Da aka tambaye su, kusan duk na makarantar duka suka yi ƙarya, kuma sun fi iya kare ƙaryar, a ɗayar kuwa kaɗan suka haura rabi.

A darasin karatu illar a bayyane take. Mai koyo sai ya yi kuskure da ƙarfi kafin a gyara masa. Yaron da ya san kuskure na jawo bulala zai koma bayan aji ya riƙa motsa baki tare da sauran.

Me ya sa lissafi ke ba yara wuya haka?

Domin ana koya musu matakai ba tare da ma'ana ba, kuma kowane darasi a kan na baya yake hawa. Ba yaro 52 a ɗebe 17. Da yawa za su rubuta 45. Ba sakarci ba ne, akwai ƙa'idar da yake bi: ya ga 2 da 7, ya cire ƙarami daga babba ya sami 5, ya cire 1 daga 5 ya sami 4. Malamin da ya ja jan biro ya wuce bai gyara komai ba. Wanda ya gane inda kuskuren yake zai kawo tsinken tsintsiya, ɗauri biyar na goma-goma da guda biyu a sake, ya ce a cire bakwai. Yaron da kansa zai ga sai an kwance ɗauri ɗaya. Daga ranar ya san abin da "aro" ke nufi. Abin mamaki, yarinyar da ta rubuta 45 ita ce ke tallan gyaɗa da yamma tana ba da canji ba ta kuskure. Lissafin yana kanta, ba a dai haɗa mata shi da na allo ba.

Me ke sa 'yan mata su zauna a makaranta?

Dalilai suna da yawa, amma nisa na cikin manya. A lardin Ghor na Afganistan, wurin da ake cewa al'ada ce ke hana karatun mata, an buɗe ƙananan makarantu a cikin ƙauyuka. A cikin kowace 'yan mata 100 sai aka sami ƙarin sama da 50 da suka shiga. Iyayen ba karatun suke ƙi ba, doguwar tafiyar suke tsoro. Ga mu da matsalar tsaro ta addaba a Zamfara da Katsina da sauran wurare, wannan ba baƙon zance ba ne. Malamai mata, makewayi mai ƙofa, da rage ɗawainiyar kuɗi su ma suna taimakawa. Uba kuma yana lura: idan 'yarsa ta yi shekara huɗu a makaranta ba ta iya karanta wasiƙa ba, da wuya ka shawo kansa ta ƙara wasu shida.

Ni ban yi boko ba. Ta yaya zan san ko 'yata tana koyo?

Hajiya, ba sai kin iya karatu ba. Samo wani rubutun Hausa da ba daga littafin makarantarta ba, ko saƙon waya ne, ki ce ta karanta miki da ƙarfi. Kunnenki zai gaya miki ko magana ce mai ma'ana ke fitowa ko tana lalube. In ta gama, ki tambaye ta abin da rubutun ya ce. Yarinyar da ta kammala aji biyu ya kamata ta iya karanta gajerun jimloli, ta aji uku kuma ɗan labari. Kada ki dogara da matsayin da aka rubuta a katin sakamako, domin ana iya zuwa na uku a ajin da babu mai karatu, a makarantar gwamnati ko ta kuɗi.

Idan kin ga da saura, je ki sami malaminta cikin mutunci ki tambaye shi wane mataki take, harafi ko kalma, da abin da za a riƙa yi a gida. Ki sa yayanta ko wata maƙwabciya su zauna da ita minti 15 kullum. Tatsuniya da hira da kike yi da ita ma suna cikin aikin, domin yawan kalmomin da yaro ya sani da baki ne ke taimaka masa ya fahimci abin da ya karanta. Kuma ki kai maganar taron iyaye ko kwamitin kula da makaranta, ki nemi a riƙa gwada karatun kowane yaro a farkon zango da ƙarshensa, a faɗa wa iyaye sakamakon.